Yadda ake gano ƙin dashe na antibodi tun kafin ya cinye ƙodar da aka dasa

Ƙodar da aka dasa ba kasafai take mutuwa rana ɗaya ba. A hankali ake cin ta, shekara biyu, shekara biyar, mai ita yana harkokinsa lafiya ƙalau, sai ranar da ya ga kumfa a fitsari ko likita ya ga kiratinin, sinadarin jini da ake auna aikin ƙoda da shi, ya fara hawa. Idan aka bi sawun irin wannan asara, sau da yawa antibodi, furotin da garkuwar jiki ke ƙerawa don kai hari ga abin da ta ɗauka baƙo, ake tararwa a gindinta. Wani bincike daga Edmonton ta Kanada da aka wallafa a 2012 ya bi mutum 315 da aka ɗebi tsokar ƙodarsu don gwaji. A cikin ƙodoji 56 da suka lalace kuma aka gano sanadin, 36 ƙin dashe ne ya kashe su, wato garkuwar jikin mai karɓa ta yaƙe su, kuma babu ko ɗaya daga cikin 36 ɗin da ba a ga aikin antibodi a jikinta ba. Mutum 17 daga cikin masu su an riga an san ba sa shan magani yadda aka tsara.

Bayanin nan ya fi karkata ga ƙoda, domin a kanta ilimin ya fi zurfi. Ma'aikatan lafiya za su sami matakan aiki, mai dashe da danginsa kuma za su fahimci dalilin da ya sa ake matsa musu da gwajin jini alhali ba sa jin ciwon komai.

Abin da ke faruwa a cikin jijiya

Ƙwayoyin halittar jikin mutum suna ɗauke da tambari da ake kira HLA, wanda ake gadonsa rabi daga uba rabi daga uwa, a kan kuromosom na 6. Rukuni biyu ne: na ɗaya ya ƙunshi A, B da C, na biyu DR, DQ da DP. Ƙodar wani da tambarin mai ita take zuwa. Idan garkuwar jikin mai karɓa ta ƙera antibodin da ya dace da wannan tambari daidai, shi ake kira DSA, wato antibodin da ke farautar tambarin wanda ya ba da ƙodar.

Tun da a cikin jini yake yawo, shimfiɗar cikin jijiyoyin ƙodar ce farkon abin da yake cin karo da shi. Da ya manne, ɓarna takan bi hanya biyu. Yana iya tayar da jerin furotin na jini da ake kira kwamfiliment, masu kunna juna ɗaya bayan ɗaya har su raunata ƙwayar. A cikin wannan aiki wani guntu mai suna C4d yakan ɓalle ya liƙe a bangon jijiya ya zauna kwanaki, kamar sawun ƙafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa bayan mai shi ya wuce. Helmut Feucht da abokan aikinsa a Munich ta Jamus ne suka nuna amfanin wannan sawu a farkon shekarun 1990. Hanya ta biyu ba ruwanta da kwamfiliment: wutsiyar antibodin ce ke kiran fararen ƙwayoyin jini irin su NK da monosait, su cunkushe cikin siraran jijiyoyi suna gwaguyar bango. Shi ya sa ake samun ƙin dashe mai tsanani ba tare da C4d ba, abin da tsarin Banff na karanta tsokar ƙodar dashe ya amince da shi a 2013.

Shimfiɗar takan ji rauni ta warke, ta sake jin rauni ta sake warkewa, kowane zagaye yana barin sabon ɓawo a bangon. A matatun ƙoda, idan aka rina tsokar da rinin azurfa, sai a ga bangon da ya kamata ya zama zare ɗaya ya koma layi biyu a jere. Da an kai nan, furotin ya fara zuba a fitsari, kuma babu maganin da ke mayar da bangon yadda yake. Duk dabarun da ke ƙasa manufarsu kada a kai wannan matsayi.

Kafin a shiga tiyata

A fara da tarihi, a kuma rubuta adadi da shekara: juna biyu nawa, har da waɗanda suka zube, ƙarin jini sau nawa, da ko an taɓa yin dashe. Ta waɗannan ƙofofi uku jiki ke haɗuwa da HLA na wani. A yi taka-tsantsan na musamman da macen da za ta karɓi ƙodar mijin da ta haifa wa 'ya'ya, ko ƙodar ɗanta. Gwajinta na yau yana iya fitowa fes, amma ƙwayoyin B, tushen antibodi, masu tuna tsohuwar gaba suna nan kwance, kuma sukan farka a mako na farko zuwa na biyu bayan dashe.

Gwajin antibodi na zamani da 'yan ƙananan ƙwallaye ake yin sa, kowanne an lulluɓe shi da HLA iri ɗaya, na'urar Luminex ta karanta hasken da kowanne ya bayar. Ƙarfin hasken shi ne lambar MFI. Ɗakunan gwaji da yawa suna ɗaukar 1,000 zuwa 1,500 a matsayin iyaka, amma kuskure ne babba a ɗauki wannan lamba kamar ma'aunin sikari. Tana yaudara ta fuska uku. Idan antibodin ya yi yawa ƙwarai, kwamfiliment yakan taru a kan ƙwallon ya tare hasken, sai mai haɗari ya fito da 'yar ƙaramar lamba. Maganin wannan shi ne a sa sinadarin EDTA a ruwan jinin ko a sirka shi a sake karantawa. Wani lokaci HLA ɗin da ke kan ƙwallon ya lalace wajen haɗawa, ya buɗe gefen da ba ya bayyana a jikin mutum, sai a sami amsar ƙarya. Na uku, antibodi ɗaya na iya gane wani ɓangare da HLA da yawa suka yi tarayya a kansa, ƙarfinsa ya rarrabu a kan ƙwallaye goma, kowanne ya nuna kaɗan. Don haka kada a kwatanta lambar wannan ɗakin gwaji da ta wancan, kuma ɗan hawa ko ɗan sauka a lamba bai isa a canza magani ba.

Mai jiran dashe a sake masa gwajin duk wata uku, da kuma mako biyu zuwa huɗu bayan kowane ƙarin jini. A tabbata an tantance tambarin mai bayarwa gaba ɗaya, har da C, DQ da DP. Ba za a iya cewa babu DSA a kan tambarin da ba a duba ba.

Sai gwajin dacewa, inda ake haɗa ruwan jinin mai karɓa da ƙwayoyin limfosait na mai bayarwa. Patel da Terasaki ne suka kafa shi a 1969: a cikin dashe 30 da gwajin ya nuna gaba, 24 sun lalace nan take, alhali a cikin 195 da bai nuna ba, 8 kawai suka lalace haka. Wannan shi ne ƙin dashe na gaggawa, kuma a gaban ido yake faruwa. Ana sakin matsen jijiya, ƙodar ta cika ta yi ja, fitsari ya fara ɗiga, cikin mintoci sai ta yi dabbare-dabbare, ta koma shuɗiya, ta yi laushi a hannun likita. Ba abin yi sai cire ta. A yau ana ƙara gwajin da na'urar fulo, wadda ta fi kaifin gani, da kuma kwatanta sakamako a kwamfuta tun kafin ƙoda ta iso. A tuna cewa wanda aka ba rituksimab, maganin da ke kashe ƙwayoyin B, kwanan nan gwajin ƙwayoyin B nasa kan nuna gaba ta ƙarya.

Idan aka sami DSA mai ƙarfi, neman wani mai bayarwa ko shiga tsarin musayar masu bayarwa tsakanin iyalai ya fi a dage a kan wannan ƙodar. Rage antibodi kafin dashe yana yiwuwa, har ma akwai imlifides, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi bisa sharaɗi a 2020, mai yanka antibodin IgG cikin sa'o'i kaɗan. Amma masana'antar da ke ƙera antibodin tana nan daram, kuma yakan dawo cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ƙarin jini kuwa a guje masa iyakar iyawa a lokacin wankin ƙoda, a gyara ƙarancin jini da sinadarin ƙarfe da eritrofoyetin, maganin da ke sa jiki ƙera jini. Tace fararen ƙwayoyi daga jinin bai kawar da haɗarin gaba ɗaya ba.

Sa ido bayan dashe

Jagorar 2009 ta KDIGO, ƙungiyar masana ƙoda ta duniya, ta tsara auna kiratinin kullum a makon farko, sau biyu zuwa uku a mako har ƙarshen wata na ɗaya, mako-mako a wata na biyu da na uku, duk mako biyu zuwa wata na shida, wata-wata zuwa cikar shekara, daga nan duk wata biyu zuwa uku. Furotin na fitsari sau ɗaya a watan farko, duk wata uku a shekarar farko, sannan shekara-shekara. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi. Amma a ƙin dashe na antibodi, hawan kiratinin ihu ne bayan hari, domin matatun da suka rage sukan ɗauki aikin waɗanda suka lalace su rufe asirin ɓarnar tsawon lokaci.

Shi ya sa ake neman DSA da gangan. Wanda aka rage masa antibodi kafin dashe, a bi shi sosai a watanni ukun farko, har da bayofsi, wato ɗibar tsokar ƙoda don gwaji, ko da kiratinin yana daidai. Wanda haɗarinsa kaɗan ne, a gwada aƙalla sau ɗaya tsakanin wata uku da shekara, sannan duk lokacin da aka rage magani, ko aka yi zargin ana tsallake shi, ko aikin ƙoda ya ja baya. Inda ake da gwajin gutsuren DNA na mai bayarwa da ke yawo a jini, wucewarsa kashi 1 cikin 100 alama ce ta rauni a ƙodar, kuma dalili ne na yin bayofsi.

Me ya sa duk wannan wahala? A Winnipeg ta Kanada an bi mutum 315 da ba su da DSA ranar dashe. 47 daga cikinsu suka ƙera sabon DSA, a matsakaici shekara huɗu da rabi bayan tiyata. A shekara ta goma, kashi 57 cikin 100 na ƙodojinsu ne ke aiki, alhali na sauran kashi 96 ne. Sabon DSA ya fi zuwa a kan rukuni na biyu, musamman DQ. A Faransa kuma binciken mutum 1,016 da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa idan DSA yana kama C1q, furotin na farko a jerin kwamfiliment, ƙodojin da suka kai shekara biyar kashi 54 ne, waɗanda DSA ɗinsu ba ya kama shi 93, marasa DSA 94.

Abin da ya fi komai hana sabon DSA shi ne takrolimus, babban maganin danne garkuwa, da ke zaune daram a jini. Ga inda ake yawan yin kuskure. Jinin awo ana ɗibarsa sa'a 12 bayan maganin dare, kafin a haɗiyi na safe. Mai dashe ya zo asibiti da ƙwayarsa a aljihu, a ɗebi jini, sannan ya sha. Idan ya riga ya sha a gida, lambar za ta fito sama, likita ya rage magani, a bar shi tsirara ba tare da kowa ya sani ba. Zaman lambar ƙasa da nanogiram 5 a mililita yana tafiya da ƙeruwar sabon DSA. Kuma kada a tsaya ga sakamakon yau kaɗai, a jera na wata shida a duba. Wanda lambobinsa suke 7, 6, 7, 8 yana cikin aminci fiye da mai 4, 11, 3, 9, ko da matsakaicinsu ya zo kusa.

Tambayar “kana shan maganinka?” amsarta kullum “e” ce. A ce masa: “A makon nan, sau nawa maganin dare ya wuce ka?” Sannan a saurari dalili ba tare da faɗa ba, ko mantuwa ce, ko rawar hannu da maganin ke sa shi, ko rashin halin saye, ko ya gaji ne kawai. Matasa da ke tashi daga kulawar iyaye zuwa riƙe kansu su ne suka fi faɗawa wannan rami, kuma suna buƙatar a jawo su a jika.

Wani lokaci ma likita ne da kansa ke buɗe ƙofar, bisa dalili mai kyau: an rage magani saboda ƙwayar cutar BK mai addabar ƙodar dashe, ko ciwon daji, ko faɗuwar fararen ƙwayoyin jini, ko gudawar da maganin danne garkuwa na maikofenolet ke kawowa, ko an sauya shi da azatayofirin don mace na shirin ɗaukar ciki. Kowane irin wannan sauyi a bi shi da gwajin DSA bayan 'yan watanni. Rifamfisin na tarin fuka yana sa hanta ta cinye takrolimus da sauri, har sai an ninka adadin sau da yawa. Haka magungunan farfaɗiya fenitoyin da karbamazefin. Masu ƙwayar gado ta CYP3A5 mai aiki, wadda ta fi yawa a mutanen asalin Afirka, tun farko suna buƙatar ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da ake ba wasu.

Idan kiratinin ya hau ko DSA ya bayyana

Hawan da ya kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 a kan abin da aka saba gani yana buƙatar amsa a makon. A sake gwajin, a duba ƙarancin ruwa a jiki, a auna takrolimus, a shuka fitsari don neman ƙwayoyin cuta, a yi sikanin don ganin toshewar mafitsara ko matsewar jijiya, a auna BK a jini. A ɗebi jinin DSA kafin a ba da kowane magani, domin bayan IVIG, wato antibodin da aka tara daga jinin mutane ake bayarwa ta jijiya, ko musayar filasma, wato sauya ruwan jini da na'ura, sakamakon ya gurɓata. Idan ba a sami bayani ba, bayofsi ya wajaba. DSA shi kaɗai ba hujjar fara magani mai nauyi ba ne, sai tsoka ta yi magana.

Kafin allura a dakatar da magungunan tsinka jini, a duba filatilet da daskarewar jini, a saukar da hawan jini. Ana amfani da allura mai lamba 16 ƙarƙashin jagorancin sikanin, a ɗebo sili biyu daga ɓawon ƙodar. Samfurin da ya wadatar shi ne mai matatu 10 da jijiyoyin jini na atari 2. Ƙasa da matatu 7 da atari 1, kada a dogara da “ba a ga komai ba”. A raba tsokar tun a gefen gado: babban kaso a fomalin, guntu don rinin haske wanda bai kamata fomalin ya taɓa shi ba, ɗan guntu a gulutaraldehaid don madubin lantarki. Wannan na ƙarshe ana yawan mantawa da shi, alhali shi ke ganin ninkin bango tun kafin madubi na yau da kullum ya gani.

Rahoton yana zuwa da haruffan Banff, tsarin da aka fara a taron garin Banff na Kanada a 1991, kowane harafi daga 0 zuwa 3. Harafin g kumburin matatu ne, ptc kumburin siraran jijiyoyin da ke kewaye da bututan ƙoda, v kumburin bangon atari, cg ninkin bangon matatu, ci da ct kuma tabo da ƙanƙancewar bututu. Ana tabbatar da ƙin dashe na antibodi da ƙafa uku: raunin tsoka, shaidar cewa antibodi ya taɓa jijiya, wato C4d ko jimillar g da ptc ta kai 2, da kuma DSA a jini. Idan akwai ƙin dashe na ƙwayoyin T, wanda fararen ƙwayoyin jini ke yi da kansu, ko kamuwa da ƙwayar cuta a tare, ptc shi kaɗai bai isa ba, sai g ya kai 1. Idan cg ya wuce sifili, lamarin ya zama daɗaɗɗe.

Tarko biyu. A dashen da rukunin jini bai dace ba, C4d yakan fito ba tare da wata ɓarna ba, kada a yi masa magani. Sannan akwai kumburin jijiyoyi ba DSA ba C4d, wanda taron Banff na 2022 ya ware masa suna na kansa. A nan a koma a duba ko tambarin mai bayarwa ya cika, a kuma tuna da antibodin da ba na HLA ba, irin na AT1R da aka bayyana daga Balin ta Jamus a 2005.

Magani: lokaci ne ke yanke hukunci

Ƙin dashen da ya zo a makonnin farko daga tsohon DSA yana da zafi, amma yana jin magani. Wanda ya zo bayan shekaru daga sabon DSA yana tafiya a sanyaye, amma ya fi taurin kai. Wani bincike na 2017 a cibiyoyin Turai da Arewacin Amurka ya nuna haka a fili: shekara takwas bayan gano cutar, kashi 63 na ƙodojin rukunin farko suna aiki, na biyu kashi 34.

Ga na farkon, ginshiƙin magani shi ne musayar filasma, IVIG da sitiroyid, kamar yadda matsayar masana ta Ƙungiyar Dashe ta Duniya ta 2019 ta tsara. Metilfirednisolon miligiram 500 ta jijiya kwana uku shi ne abin da aka saba. Ana lissafin filasmar mutum da lita ta hanyar ninka 0.065 da nauyinsa, a sake ninkawa da abin da ya rage idan an cire hematokirit, wato kason jajayen ƙwayoyi a jini, daga 1. Mai kilo 70 da hematokirit 30 cikin 100, wato 0.3, yana da kusan lita 3.2. Ana musayar wannan adadi ko ɗaya da rabinsa a kowane zama, kullum ko ana tsallake rana, kamar sau shida, ana duba DSA. Musaya ɗaya tana kwashe wajen kashi 63 na abin da ke cikin jijiya, amma fiye da rabin IgG yana wajen jijiya, yana kuma komowa cikin dare. Dalilin maimaitawa ke nan. Bayan kowane zama ana ba da IVIG miligiram 100 a kowane kilo, wato giram 7 ga wancan mutum, ko a ba da giram 2 a kowane kilo a ƙarshe, a raba shi kwana biyu ko fiye.

Tsarin jeri yana da muhimmanci ƙwarai. Duk maganin da shi kansa antibodi ne, IVIG ko rituksimab, bayan musaya ake ba da shi. Idan aka ba da rituksimab yau aka yi musaya gobe, an zubar da shi a jarka. A bar aƙalla kwana biyu zuwa uku.

Abubuwan da ke lalacewa sanannu ne. Idan albumin kaɗai ake mayarwa, faibirinojin, furotin da ke daskarar da jini, yana faɗuwa, kuma ƙodar da aka soka jiya tana iya zubar da jini, don haka a kwanakin da ke kusa da bayofsi ko tiyata a haɗa da filasmar mutum. Sitiret ɗin da ke hana jini daskarewa a na'ura yana kama kalsiyam: mara lafiya zai ce leɓɓansa da yatsunsa suna tsitstsira, a rage gudu a ba da kalsiyam. Magungunan hawan jini na dangin lisinofiril a dakatar da su kwana ɗaya zuwa biyu kafin musaya, in ba haka ba jini na iya faɗuwa farat ɗaya. IVIG mai yawa yana iya fasa jajayen ƙwayoyi a masu rukunin A, B ko AB, yana kawo gudan jini da ciwon kai mai tsanani, kuma irin da aka haɗa da sukuros yana cutar da ƙoda. Kafin rituksimab, wanda ake bayarwa miligiram 375 a kowane murabba'in mita na faɗin jiki, dole a gwada ciwon hanta na B, har da alamar tsohon kamu, domin yana tayar da shi. A kuma dawo da magungunan rigakafin cututtuka, kotirimoksazol da balgansaikulobir, a ci gaba da auna BK, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da ƙarin magunguna. Gwajin RITUX-ERAH na Faransa, mai mutum 38, bai nuna ƙarin amfani ba da aka ɗora rituksimab a kan magani na asali. Dalilin a bayyane yake: ƙwayoyin filasma da ke zaune a ɓargo suna ƙera antibodi ba su da CD20, alamar da maganin ke kamawa. Ekulizumab yana toshe furotin C5 na jerin kwamfiliment, ana ajiye shi don lamari mai tsanani na farko-farko, kuma sai da rigakafin sanƙarau.

A daɗaɗɗen ƙin dashe lamarin ya fi ɗaci. Bortezomib bai rage lalacewar ƙoda ba a gwajin BORTEJECT na Ostiriya mai mutum 44. IVIG da rituksimab ma ba su yi amfani ba a gwajin TRITON na Sifen. An dakatar da babban gwajin kalazakizumab don babu alamar zai yi nasara. Abin da ya fi ba da fata shi ne felzartamab, mai kama CD38 a kan ƙwayoyin filasma da na NK: a gwajin 2024 mai mutum 22, kumburin ya lafa a mako na 24 a 9 daga 11 da suka karɓa, da 2 daga 10 na waɗanda ba su karɓa ba, sai dai ya dawo wa 3 daga cikin 9 ɗin bayan an daina. Saboda haka ga mai cg 2 ko 3 da tabo mai yawa, jibga masa magunguna masu karya garkuwa sau da yawa cuta kawai yake ƙara masa. Abin da ke saya masa shekaru shi ne a mayar da takrolimus sama da 5, a cika maikofenolet, a dawo da firednisolon idan an cire, a yi maganin ƙin dashe na ƙwayoyin T idan yana tare, a riƙe hawan jini, a rage zubar furotin da dangin lisinofiril ko losatan. Bayan kowane magani a sake auna DSA, kuma inda hali ya yi a sake bayofsi, tun da saukar kiratinin ba ta tabbatar da cewa kumburin ya mutu.

Sauran sassan jiki, da bayan asara

A zuciya ana karanta bayofsi da ma'aunin pAMR 0 zuwa 3 na 2013, ana neman C4d da ƙwayoyin CD68 a cikin siraran jijiyoyi, ƙarshen ɓarnar kuma shi ne ƙuntatar jijiyoyin zuciyar a hankali, sau da yawa ba ciwon ƙirji domin an yanke jijiyoyin ji wajen dashe. A huhu C4d ba abin dogaro ba ne sosai, kuma DSA, musamman na DQ, yana tafiya da raguwar numfashi ta dindindin. Hanta ta fi kowa juriya, tana shanye antibodi na rukuni na ɗaya, amma na rukuni na biyu yana iya barin tabo a cikinta.

Idan ƙodar ta ƙare aka koma wankin ƙoda, kada a yanke magungunan garkuwa rana ɗaya. Ƙodar tana nan a ciki da tambarinta, kuma da an janye magani jiki yakan ƙera antibodi a kan kowane HLA nata da bai dace ba, abin da ke iya rufe ƙofar dashe na biyu. Wanda ake sa ran zai sami wata ƙodar cikin shekara guda yawanci ana barinsa a kan ɗan takrolimus. Wanda ba haka ba, ana janyewa ɗaya bayan ɗaya cikin watanni, maikofenolet da farko, firednisolon a ƙarshe, ana lura da zazzaɓi, jini a fitsari da ciwo a kan ƙodar, sannan a sake gwajin antibodi bayan kowane mataki da kuma bayan cire ƙodar idan ta kai ga haka.